Wurin da Yake Ɗaga Garma

Shekarun farko bayan an sauke tutar Faransa, abu biyu muka gani na mulkin kai a ƙauyenmu: rijiyar siminti da garmar shanu. Sauran duk a bakin masu dawowa daga kasuwar Dogon Dutsi muke jin su.

Rijiyar ce ta fara zuwa. An gina ta a bakin hanya, da ɗan nisa daga inda muke zaune, kuma ruwanta ya fi na tsohuwar rijiyarmu daɗi da yawa. Gida-gida mutane suka riƙa kwance shinge suna komawa kusa da ita, mu ma muka tashi. Maza suka ɗauki jinkar ɗakuna a ka, muka kwashe turmi da tukwane, aka ja awaki, tsohon gidanmu ya zama kufai. Kowa ya san babu gonar da ta kai kufai albarka, don tokar murhu da kashin dabbobi na shekara da shekaru duk suna nan kwance. Damina na faɗuwa mijina ya shuka shi.

Ni kuwa na bar 'ya'ya uku a cikinsa. A wurinmu yaron da ya rasu ba a yaye shi ba, ba a kai shi maƙabarta. Bayan ɗakin uwarsa ake yi masa wuri, a kife tsingaron tukunya a kai, shi ke nan. Ta farkon ko suna ba ta kai ba. Na biyun ya fara rarrafe, ƙyanda ta ɗauke shi. Ta ukun ta wuni lafiya, da la'asar jikinta ya yi zafi, kafin a gama daka an rufe ta. Mata suka fara kirana mai wabi a bayan idona, masu ƙarfin hali kuma a gaban idona. A ta farko na yi kuka a ɓoye, don kunyar 'yar fari. A na biyu na yi a fili. A ta uku na zauna ina jiran kukan bai zo ba, har na tashi na ɗauki tulu na tafi rijiya. Tun daga ranar wani abu ya kwanta a ƙirjina, ba zafi ba sanyi, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Akwai wani kalgo a bayan ɗakin nawa, su ukun suna jere a gindinsa. Da gidan ya koma gona, sai aka riƙa sare kalgon duk shekara lokacin sassabe, kamar yadda ake yi wa kowane, a bar kututturen, damina ta yi ya sake tohowa. Shi ne alamata. Ranar shuka mijina yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina zuba iri ina rufewa da dunduniya. In ya iso kalgon sai ya ɗaga sungumin ya wuce, ni kuma in dunƙule hannuna in wuce. Ba mu taɓa shirya haka da baki ba. Lokacin noma ma doguwar hauyarmu da ake turawa a tsaye saman ƙasa kawai take shafa, kuma mai ita yana ganin inda yake kai ta. Wurin bai fi faɗin tabarma ba. A nan nake ajiye goran ruwa, a nan nake zama in sha fura in rana ta take. Ba addu'a nake yi ba, ba kuma tunani ba. Zama kawai nake yi.

Ana nan sai aka ce gwamnati tana son samari manoma a koya musu noman zamani, mai gari ya ba da mijina. Ya tafi bayan girbi, bai dawo ba sai da gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Ya dawo da bijimai biyu, da garmar ƙarfe, da karkiya da sarƙa, da gajeren wando na kaki wanda uwarsa ta ce kada ya kuskura ya shigo mata ɗaki da shi. Ya kuma dawo da Faransanci, amma na shanu kaɗai. Da shi yake ce musu su tafi, su tsaya, su juya. Fulanin da ke sauka a gefen fadamarmu har tattaki suke yi su zo kallo. Wadda ke kawo mana nono ta daɗe tsaye da ƙwarya a kai tana duban bijiman cikin karkiya, sannan ta ce da ni, "Ku Arawa, kun rasa bayi kun koma ma shanu." Na ce mata in ta ga dama ta zo ta karɓe su ta ja garmar da kanta.

Ba zan yi wa garma ƙarya ba. Gonar da sai mun kira gayya, mun kwana biyu muna daka da tuƙa tuwo, an kawo makaɗa ana zuga samari, bijiman nan kan gama ta tun ƙasa ba ta bushe ba. Bayan mata da yawa ya huta saboda ita, nawa ma a ciki. Makaɗan noma ne suka fara tsufa ba a kiransu. Wanda ya ce da an fi jin daɗi, a miƙa masa hauya a nuna masa gandu.

Tare da garmar aka turo mana malamin gona, wani saurayi siriri daga gabas, da keke da wata doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli ta auna layi. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk mai aikin gwamnati. Yana da ladabi, yana durƙusa wa tsofaffi, in an ba shi fura yana shanyewa. Ya zagaya gonakinmu ya zaɓi kufan nan ya zama gonar gwaji, inda za a shuka gujiya a layi mutanen karkara su zo su gani. Sai dai ya ce garma ba ta shiri da kututture. Dole a tumɓuke kowane ɗaya, a tsince duwatsun murhu da na gindin rumbu da fasassun tukwane, don suna karya bakin garma suna yanke ƙafar shanu. Gaskiya ya faɗa, kuma ba wanda ya gaya masa abin da ke gindin kalgon.

Wa zai gaya masa? Mu da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari ko yana raye yana yawo a gabanta. Uba ba ya nuna ya san yaron, balle ya tsaya gaban baƙo da dattawan gari ya ce a nan 'ya'yana suke. Yaron da ya koma kuwa ba a ƙara zancensa, an ce zancen yana kiran na baya su bi shi. Kowa a gidanmu ya san wurin, kuma kunya ta ɗaure bakin kowa.

Uwar mijina ce kaɗai ta gwada, ta hanyar da ta iya. Tsohuwa ce 'yar bori, gajera, mai kaifin baki, ita ce ta kife tsingaro a kan duka ukun da hannunta. Ta tare Mushe a ƙofar gida yana jingine kekensa.

"Ɗana, kututturen kalgon ga na tsakiya, a bar shi. Akwai doguwa ciki."

Ya durƙusa ya gaishe ta, yana murmushi. "Iya, duk garin da na je, doguwa tana zaune a kan kututturen da ya fi wuyar tonewa."

Samarin da ke wurin suka yi dariya. Mijina ya sunkuyar da kai. Ya fara salla bai daɗe ba, ga shi ya je makaranta ya dawo, zancen iskoki a gaban Mushe kunya yake ba shi. Ya ce, "Iya, ki shiga gida." Ta dube shi sama da ƙasa, har da wandon, ta shiga.

Da yamma na kai masa tuwo, na durƙusa na ajiye, ban tashi ba. Na ce, "Maigida, kalgon ga na bayan ɗakina."

"Na sani."

"To."

"Na ce miki na sani. Ni ka tsayawa wurin."

Iyakar zancen da muka taɓa yi a kan 'ya'yan nan ke nan, tun daga ta farko har ya bar duniya.

A lokacin ina da ciki na huɗu, ya fara nauyi. Tsohuwa ta hana ni taka kufan, ta ce mai ciki irina ba ta zuwa inda waɗanda suka koma suke. Ranar da aka sa za a tone kututturan, da sassafe saƙo ya zo cewa irin gujiya ya iso Dogon Dutsi, kuma sai wanda aka koya wa aikin ya je da kansa za a ba shi. Mijina ya bi Mushe suka tafi. Ya ce wa samarin su fara daga gefe, zai dawo kafin su kai tsakiya. Samari kuwa an haɗa su wuri ɗaya, ga 'yammata sun kawo ruwa suna kallo. Kafin rana ta karkata sun gama da kufan kaf. Duwatsu da tsingaro suka kwashe a kwanduna suka zuba a wani kwazazzabo da ruwa ke ci.

Kututturan kuma aka ɗoro wa jakuna aka kawo gida, aka jibge mini a bakin madafa, don itace ne mai kyau. Na fito na tsaya a kansu. Na sabara ne, na kalgo ne, na geza ne, duk sun yi baƙi da ƙasa, saiwoyi a sama. Na juya biyu ko uku da ƙafa ko zan gane nawa, ban gane ba. Na ɗauki na kusa na sa a murhu, don tuwon dare bai san an yi wani abu ba. Da su na yi girki har kaka.

Mijina ya dawo da magariba da buhunan iri. Ya ga tulin itacen, ya ajiye kaya, ya nufi kufai bai sha ko ruwa ba. Da ya dawo bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Ranar da aka yi ruwan shuka aka sa garma. Gari duk ya fita, har da mutane daga wajen Tibiri da suka zo a kan jakuna. Na ɗaura zane na bi su, tsohuwa tana kirana ban waiwaya ba. Na tsaya a bakin gonar ina neman gidana. Da ina gane ɗakina da kalgon, ina gane madafa da duwatsun murhu, ina gane rumbu da duwatsun gindinsa. Yanzu fili ne shimfiɗe, jiƙaƙƙe, ko'ina iri ɗaya, sai igiyar Mushe a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Na duba gabas na duba yamma, na ce nan ne, na ƙara dubawa na ce a'a, can ne. Na zauna a ƙasa cikin mata.

Ƙanen mijina yana jan bijimai, shi yana riƙe da garma. Ƙasa tana tsagewa tana kifewa gefe guda, baƙa wuluk, mutane suna ta salati. Ya je ya dawo, ya je ya dawo. Da ya kai wajen tsakiya sai na ga ya ɗaga garmar, bakinta ya fito daga ƙasa, ya bi shanun haka yana ɗauke da nauyinta, sannan ya sake kafa ta. Da ya juyo ya iso daidai wurin, ya sake ɗagawa. Mushe ya taho da sauri yana tambaya ko wani abu ya karye.

"Akwai dutsi nan ƙasa, Mushe. Shina iya karya ta."

Mushe ya caka sanda a wurin bai ji komai ba. Ya dubi mijina, ya ga gumi da yadda ya ɗaure fuska, sai ya ce to, a kiyaye. Aka gama gonar, aka bar wani ɗan tsibiri a tsakiya mai faɗin tabarma. Tsohuwa, wadda ta biyo ni da sandarta, ta matse mini hannu har ya yi zafi. Na ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina ranar, ba zan ɓoye ba.

Na haihu da tsakiyar damina, namiji. Da na yi arba'in na goya shi na tafi kufai ni kaɗai. Gujiya ta rufe ƙasa, layi-layi, kyakkyawa, ban taɓa ganin irinta ba. Tsibirin yana nan, ciyawa ta cika shi, rukuɓu da tafasa sun yi kore shar har sun fi gujiyar tsawo. Na durƙusa ina cirewa da hannu. Sai yatsana ya ci karo da itace. Na tona kaɗan, na ga guntun turke ne, har da zoben da igiya ta ci a jikinsa. Ƙasar wurin duk tsohon kashin awaki ce, shi ya sa ta fi ko'ina baƙi.

Turken awakinmu ne. Ba ya ma kusa da ɗakina, yana can ɗaya gefen gidan. Shi namiji da kalgon kaɗai ya san wurin. Da ya zo da magaribar nan ya tarar babu kalgo, sai ya zaɓi inda ƙasa ta fi duhu, ya ɗauka nan ne.

Na miƙe da guntun turken a hannu na ce to, daga nan zan gane. In turke yana nan, ɗakina yana wajen arewa. Na fara tafiya cikin gujiya, sai na tuna sau nawa muka matsar da awakin nan, in wuri ya yi laka a kafa wani turken gaba. Wannan na wace shekara ne? Na tsaya a tsakiyar layuka, yaro yana motsi a bayana. 'Ya'yana suna nan dai, a wani wuri tsakanin inda nake da bakin gona, garma ta bi ta kansu ta je ta dawo. Na jira in ji wani abu. Abin da na ji kawai shi ne rana ta yi zafi kuma yaron yana son nono. Na koma na tura turken cikin raminsa, na rufe da ƙasa, na tafi gida.

Da damina ta zagayo na koma kai fura gona. Na riƙa zama a bakin gona ƙarƙashin wata aduwa. Rannan mijina ya kwance shanu ya zo ya tsaya a kaina, yana duban wani wuri daban.

"Ba ki zama can kuma?"

Na ce rana ce.

Ya ɗauki goran ruwana da ƙwaryar furar ya kai tsibirin ya ajiye. Washegari na tarar ya kafa 'yan sanduna ya ɗora zana don inuwa. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko ɗaya cikin 'ya'yan nan a hannu a gaban mutane ba. Na je na zauna, shi ma ya zauna a gefe, muka sha fura a kan turken awaki. Na buɗe baki sau ɗaya, na ga yadda ya tattara ƙafafunsa don kada ya taka tsakiyar wurin, na mayar da bakina na rufe. Ni na riga na rasa wurin. Ban ga amfanin mu rasa shi mu biyu ba.

Haka muka yi ta yi. Aka ɗauke Mushe aka kai shi wani gari, aka kawo wani. Gujiya ta yi shekarunta ta daina yi, muka koma hatsi. Fari ya zo, bijiman farko suka tafi, daga baya aka samu wasu. Garma ta cika karkara har ba mai tsayawa kallonta, ƙaramin yaro ma yana riƙe ta. Tsohuwa ta rasu tana ganin ɗanta ya kiyaye mata jikoki. Ɗana na huɗu ya rayu, na bayansa ma suka rayu, aka daina kirana mai wabi. Duk shekara in garma ta iso tsakiyar kufai sai ta tashi sama ta sauka a gaba. Da ƙarfin mijina ya ƙare ya miƙa wa yaron garmar, ya kai shi wurin ya ce, "Nan, ka ɗaga." Bai faɗi dalili ba, yaron bai tambaya ba. Yara suka taso suna cewa akwai doguwa a wurin, ba sa bi ta nan in rana ta take.

Shekarar da mijina ya rasu, ɗan nawa ya ce zai ɗauko tarakta daga Dogon Dutsi ta yi masa kufan, don shanunsa sun rame. Ta zo da hantsi tana hayaƙi, yara suna bin ta a guje. Na fita da gorana na tsaya a bakin gona. Mai tuƙin ya ga tsibirin, ya tsaya ya ce shi ba ya iya ɗaga farantin garma saboda wuri kamar tabarma, ko a bi ta kai ko a bar masa layin duka. Ɗana ya taho wurina, ya rage murya. Shi a saninsa shi ne ɗan farina.

"Inna, wurin ga da Baba ka tsallakewa, mi ke akwai ciki? In wani abu na, sai a bar shi."

Na dubi wurin. Sandunan inuwar sun daɗe da faɗuwa, sai ciyawa. Wanda nake zama dominsa ba ya nan.

Na ce, "Turken awaki na."

Ya yi dariya har da dafa gwiwa, ya ce shekara da shekaru ana wahala a kan turken awaki. Ya ɗaga wa mai tarakta hannu. Ta bi ta kai sau ɗaya, ta juyo ta sake bi, wurin ya zama daidai da sauran gonar. Na tsaya har ya gama layin, sannan na ɗauki gorana na kama hanyar gida, don ban aza tukunya ba.